Amsoshin tambayoyinku: wahalar da ke bayan fitar da sabuwar na'urar gem

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau dai 'yan gem ne suka cika mana akwati da saƙonni, mun tsinto guda uku, in lokaci ya bari mu taɓa na huɗu.

Na farko daga wani mai gidan gem ne a Kano, ya ce: "Malam don Allah lokacin da PS5 ta fito na fi shekara ina nemanta a farashin hankali ban samu ba, wai su kamfanin ba sa son kuɗi ne?"

To ɗan'uwa suna so mana, wa ya ƙi kuɗi. Sony ta saki PS5 ranar 12 ga Nuwamba 2020 a Amurka da Japan da wasu ƙasashe biyar, yawancin sauran duniya sai ranar 19, mai cin faifai dala 499, marar faifai 399. Ka tuna lokacin tsakiyar korona ne, kowa na kulle a gida yana neman abin ɗebe kewa, sai masu so suka yi wa kayan yawa. Ita kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinta, wato cip, kamfanin AMD ne ya zana amma a Taiwan kamfanin TSMC ke ƙerawa, kuma layi ɗaya ake bi da masu waya da masu kwamfuta har da masu mota, kowa na jiran a zo kansa. Ba burodi ba ne balle ka ce a ƙara kwaɓa fulawa da daddare, masana'antar cip shekaru ake yi ana gina ta. Sannan ga 'yan bumburutu, su ma Turawa suna da nasu, sai dai maimakon jarka manhaja suke sawa ta kwashe kayan a intanet kafin kai ka gama rubuta adireshinka, gobe ka ganta a kasuwar intanet ta eBay kuɗin ya ninka. Sai a Janairun 2023 Jim Ryan, shugaban ɓangaren PlayStation na lokacin, ya fito ya ce ƙarancin ya wuce. Ka ga kenan ba kai kaɗai ba ne, wanda ke ƙofar kantin ma a Landan layi ya sha.

Na biyu daga wani matashi ne a Maraɗi: "Me ya sa na'ura ɗaya amma kowace ƙasa da nata farashin?"

Yawwa, wannan tambayar ta yi min daɗi, don labarin Switch 2, na'urar gem ta kamfanin Nintendo na Japan, kaɗai ya isa amsa. Ranar 2 ga Afrilu 2025 Nintendo ta sanar da farashi, dala 449.99, za ta fito 5 ga Yuni. A wannan ranar dai, sa'o'i kaɗan tsakani, Donald Trump ya tsaya da wani ƙaton allo yana karanto sabon harajin shigo da kaya Amurka ƙasa bayan ƙasa, Biyetnam aka sa mata kashi 46 cikin ɗari. Abin dariyar, Nintendo ta riga ta kwashe wani ɓangare na ƙirarta daga China zuwa Biyetnam ɗin ne don gudun irin wannan, an gudu ba a tsira ba. Dole suka ɗage karɓar oda a Amurka daga 9 ga Afrilu zuwa 24, daga baya suka bar kuɗin na'urar yadda yake amma suka ƙara a kan su hannun gem da sauran tarkace.

A gida Japan kuma wata dabarar suka yi wadda ni ta burge ni. Kuɗinsu yen ya faɗi ƙasa, in suka sa farashin da talakansu zai iya, baƙi za su zo su kwashe su kai waje su ci riba, sai suka yi kala biyu: mai Japananci zalla yen 49,980, mai harsuna da yawa yen 69,980. Kai ɗan kasuwa in ka ɗauko mai arha, wa za ka sayar wa a Maraɗi alhali ko "fara wasa" ba zai iya karantawa ba? Sannan a shagonsu na intanet ƙuri'a suka yi, ba za ka shiga ba sai asusunka ya nuna ka buga aƙalla awa 50 a tsohuwar Switch kuma ka yi shekara kana biyan kuɗin rajistar wasa ta intanet, duk da haka mutum kusan miliyan 2.2 suka nema a Japan kawai. Kwana huɗu da fitowa an sayar da sama da miliyan 3.5 a duniya. Haraji kam ba yau ya fara ba, a 2013 PS4 da ake sayarwa dala 399 a Amurka ta isa Birazil a kan kuɗinsu real 3,999, wajen dala 1,800 a lokacin.

Na uku daga wata baiwar Allah ce a Kaduna, ta ce ta saya wa ɗanta PS5, sun zo buɗe asusu sun duba jerin ƙasashe sama da ƙasa babu Najeriya, ko jabu aka sayar mata?

Hajiya kwantar da hankalinki, ba jabu ba ce, mu ne ba ma cikin lissafinsu, za ki ga Afirka ta Kudu amma mu shiru. Su kamfanonin nan ribar da ke kan na'urar kanta ba ta taka kara ta karya ba, wani lokacin ma a faɗuwa suke sayarwa da farko, PS3 haka aka yi da ita, kuɗin yana cikin wasannin da za ki riƙa saya da kuɗin wata-wata. To in suka kalli kasuwar da faifan ƙwallo ɗaya zai zaga unguwa guda, ga katin banki yau ya yi aiki a waje gobe ya ƙi, ga naira da tun da aka sake ta a Yunin 2023 farashin safe daban na yamma daban, sai su ce bari 'yan kasuwa su ci gaba da ɗaukowa daga Dubai. Ni dai ina ganin suna raina yawan matasanmu, amma lissafinsu kenan. Shiga ƙasa a hukumance ba wasa ba ne, China ma ta haramta na'urorin gem tun 2000, sai 2014 ta fara sassautawa, Nintendo kuwa sai da ta haɗa kai da kamfanin Tencent na China kafin ta kai Switch can a 2019. Shawara ɗaya Hajiya, duk ƙasar da kika zaɓa a asusun ba a canza ta daga baya, kuma katin kuɗin da za ki saya dole ya zama na ƙasar ne, kar ki buɗe na Amurka yaro ya je ya sayo katin Ingila. Sannan a haɗa ta da sitabilaiza, kin san halin wutarmu.

Na huɗu da sauri, wani daga Kumasi yana tambaya ko an taɓa samun kamfanin da fitar da na'ura ta kayar. An yi, Sega. A Mayun 1995 suka yi wa Amurka ba-zata da na'urarsu Saturn wata huɗu kafin ranar da suka yi alkawari, dala 399, wasanni 'yan kaɗan, manyan kantunan da ba a ba su kaya ba suka yi fushi, a wajen taron baje kolin gem na E3 da aka sanar da hakan kuma wani jami'in Sony ya hau mumbari ya ce "299" kawai, wato farashin tasu PlayStation, ya sauka. Zuwa 2001 Sega ta daina ƙera na'urar gem ta gida.

Injiniya yana ta nuna min agogo. Mai tambaya a kan jan zoben wuta mai nuna lalacewa da ya addabi na'urar Xbox 360, yi haƙuri, da kai za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.