Ƙaguwar takarda mai lilo: aikin hannu da yara ƙanana

Assalamu alaikum iyayen yara, da malaman nazare na Zariya da kewaye, daga nan Jidda, bakin Bahar Maliya. Yau ƙaguwar teku za mu yi da takarda, irin wadda in yaro ya taɓa ta da yatsa take lilo hagu da dama. Bari in matso da kyamara ku ga abin da ke kan tabarma.

A nan farantin takarda ake yi da shi, don ya cika shaguna. Ku kam ba sai kun nemo shi ba. Takardar kwali mai launi, wadda shagunan littattafai na Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru ke sayarwa, ta fi shi naɗuwa ma. In babu, kwalin biskit marar kauri ya isa. Abu biyu ne ban yarda da su ba: katon ɗin taliya mai ramuka a ciki, don karyewa yake yi a wurin ninki, da farar robar zuba abinci ta biki, wadda fenti ba ya kama ta, da ya bushe sai ya ɓare.

Sai almakashi marar tsini, gam na takarda, fentin ruwa ko kala, farar takarda ɗaya, da baƙin biro. Supa gulu kada ya kusanci wurin, yana manne yatsun yaro cikin daƙiƙu.

A kifa murfin kwano a kan kwalin a zagaye shi da fensir. Faɗin da'irar ya kai santimita 18, kusan taƙin hannun babba. In ta gaza 14, ƙafafu takwas ba za su sami wurin zama ba. Wannan yankan na babba ne, kuma a natsu a yi shi, domin a kan gefen nan ƙaguwar za ta yi lilo. Duk inda almakashi ya bar kusurwa, nan za ta riƙa cijewa. Ku shafa yatsa a gefen, in kun ji tudu ku rage shi.

Yanzu fenti, tun kafin a ninke. In kwalin biskit ne, a juya gefen mai sheƙi ya koma ciki, a shafa a gefen mai launin toka, shi ne ke shan fenti. Yara ja suke zaɓa kusan kullum, ba laifi. Amma ku gaya musu yawancin ƙaguwa ba ja ba ce tana da rai, sai ta ji wuta take yin ja. Wadda ke gudu a kan rairayin bakin tekun nan launin yashi gare ta, har sai ta motsa kake ganin ta. Ɗan shekara 3 kada a ba shi buroshi, a yanko masa guntun soso ya riƙa dangwalawa. Buroshi ruwa yake kwasa da yawa, kwalin ya jiƙe ya lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen kwali ba ya tsayuwa. Da hunturu, a iskar Disamba da Janairu ta Zariya, minti goma ya bushe. A tsakiyar damina ku ba shi rabin awa, in ya ɗan karkace a danne shi da littafi mai nauyi. Kada a shanya a rana tsaka, nan ma naɗewa yake yi.

Kafin ya bushe, a yi ƙafafu. Ƙaguwa ƙafa goma gare ta: takwas na tafiya, biyu na gaba masu kama abu. A yanka siraran takardu 8, kowace faɗin santimita 1 da rabi, tsawon 8. Yaro ya ninka kowace gaba da baya, gaba da baya, sau huɗu. Nan ne aikin ya fi amfani ga yatsunsu, don haka a bar su su yi da kansu, ko da ninkin bai yi daidai ba. Haba 'yar albarka, ba dunƙulewa za ki yi ba, ninka, ki danna da farce, ki juya. Yawwa. Na kamun kuma, a zana da'ira biyu da bakin kofin shayi, faɗin santimita 5, a cire wa kowace ɗan yanki mai kusurwa uku ya zama buɗaɗɗen baki, a manna ta a kan siririyar takarda mai tsawon santimita 6. Ɗan shekara 5 ko 6 zai iya yanka waɗannan in an zana masa layi mai kauri.

To, ga ninkin jiki. Ɗora rula a tsakiyar da'irar, ka ja layi da biron da ya ƙare, ka danna sosai, sannan ka ninke a kan layin. Ba tare da wannan jan layin ba ninkin karkacewa yake yi, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙaguwar ta kwanta. Ninkin yana sama, gefen mai zagaye yana ƙasa. A ɗan buɗe ƙasan kamar faɗin yatsu uku. Gwada ta yanzu, tun ba ƙafa. In ba ta yi lilo a wannan matakin ba, ƙafafu ba za su gyara ta ba.

Wurin manna ƙafafu ne aka fi yin kuskure. Yaro zai so ya jera su a ƙasa, don a ganinsa can ƙafa take. In suka taɓa tabarma, lilo ya ƙare. A manna su daga ciki, huɗu a dama huɗu a hagu, can sama kusa da kusurwoyin ninkin, suna miƙewa waje. Na kamun su fito daga kusurwoyin biyu suna kallon sama. Wannan ya ma yi daidai da halittarta, domin gaɓoɓin ƙafar ƙaguwa ta gefe suke lanƙwasa, shi ya sa take tafiya a kaikaice. Ku sa yaran su tashi su gwada tafiyar, gam ɗin ya samu ya kama.

Maganar gam: ɗigo ɗaya a kowace ƙafa, a riƙe a ƙirga zuwa ashirin. Yara ambaliya suke yi da shi, takardar ta jiƙe ta zame. Zuba kaɗan a murfin kwalba, ka ba su tsinken ashana da aka karye kansa su riƙa ɗiba. In gam ya ƙare, fulawa cokali 2 da ruwa cokali 8, a dama a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin koko, a bari ya huce. Yana riƙe takarda sosai, sai dai kiyashi da kyankyasai na son sa, kuma ba a ajiye shi ya kwana biyu, tsami yake yi. Abin da aka manna da shi a rataye, kada a bar shi a ƙasa.

Idanu su ne na ƙarshe. Idon ƙaguwa a kan 'yan sanduna yake, don haka a yanka takarda biyu, faɗin santimita 1, tsawon 4, a manna farar da'ira a kan kowace, yaro ya ɗiga baƙi da biro. A manna su a bayan ninkin, a tsakiya. In sun wuce santimita 4 faɗowa suke yi. Idon roba mai motsi da duwatsun ado suna da kyau a hoto, amma gidan da akwai mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara 3 a haƙura da su, baki suke kaiwa.

In an gama ta karkata gefe ɗaya, nauyi ne bai daidaita ba, galibi gam ya yi yawa a can. Manna ɗan guntun kwali daga ciki a ɗaya gefen har ta miƙe. In kuma tana bajewa ƙasa, a yanka takarda mai tsawon santimita 7, a lanƙwasa bakinta biyu, a manna ta daga ciki ta riƙe gefen gaba da na baya.

Malama mai aji cike da yara, ki yanke da'irorin a gida, ki ja layin ninkin, ki rubuta sunan kowa a ciki. Fenti ranar farko, ƙafafu da idanu washegari. Takardar kwali babba guda tana fitar da jiki shida, ragowar gefenta kuma ta ishi ƙafafunsu.