Sharhi: Shekara 19 da Riga Ɗaya

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya leƙa Amurka, fagen wasan besbol, inda ake jefa ƙwallo ana bugun ta da sanda. Za mu waiwayi 'yan wasan da suka fara kuma suka gama a ƙungiya ɗaya, abin da ke ƙara wuya a wannan zamani.

A da, zaman dole ne. Har zuwa 1975, sharaɗin kwantiragi ya ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa iya son ranta. Bayan an rushe shi, yarjejeniyar 1976 ta ce wanda ya cika shekara 6 a babbar gasa yana iya tafiya inda aka fi biyan sa. Ƙungiyoyi marasa ƙarfin aljihu kan sayar da gwaninsu tun kafin lokacin, don kada ya tafi a banza. Kariyar da ɗan wasa ke da ita ita ce idan ya yi shekara 10 a gasar, 5 na ƙarshe a wuri ɗaya, ba a musayar sa sai da yardarsa. Saboda haka wanda ya dawwama a yau, sai son zama ya haɗu da kuɗin ƙungiya da gwanintar da ba ta tsufa da wuri.

Mariano Rivera ya haɗa ukun. Ɗan masunci ne daga Puerto Caimito a ƙasar Panama, ya yi wa New York Yankees wasa daga 1995 zuwa 2013. Aikinsa rufe wasa: a kira shi ya yi jifa a zagaye na 9, wanda shi ne na ƙarshe, ƙungiyarsa na gaba da ɗan rata, ya fitar da masu bugu 3. Ya kare irin wannan nasara sau 652, adadin da babu wanda ya kai, ya kuma ci kofin World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran babbar gasa, sau 5.

Abin mamakin shi ne kusan jifa iri ɗaya ya dogara da ita tun 1997, jifa mai yanka. Ana riƙe ƙwallon kamar na jifa mai sauri, sai a ɗan gusar da yatsu biyu gefe, a danna da ɗan yatsan tsakiya. Ƙwallon kan taho miƙe, sai dab da mai bugu ta karkace kaɗan. Ga bahago, tana shigewa wajen hannayensa, ta daki sandar a siririn wuyanta, sandar ta tsage. Kowa ya san abin da ke tafe, amma sanin bai hana ba. A shekararsa ta ƙarshe, ƙungiyar Minnesota Twins ta yi masa kyautar kujerar lilo da aka haɗa da karyayyun sanduna.

Jifar tana da aibinta. Bugun da ta haifar rarrauna ne, yakan tashi sama kaɗan ya faɗi a bayan masu tsaron ciki, wato 'yan wasan da ke tsare ɓangaren filin da ke kusa da mai bugu. Haka aka yi a wasa na 7 na ƙarshen gasar 2001 da Arizona: an matso da masu tsaro gaba don tare maki, Luis Gonzalez na Arizona ya ɗan ɗaga ƙwallon da Rivera ya jefa ta wuce kan Derek Jeter, mai tsaron ciki na Yankees, kofi ya tafi. Yankees ba ta juya wa Rivera baya ba, kuma a ganinmu wannan haƙurin na cikin abin da ke samar da irin wannan tarihi. Ko da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2012, yana da shekara 42, an jira shi ya dawo ya yi kaka ɗaya.

Jeter ma shekara 20 ya yi a Yankees, da bugu mai nasara 3,465. A 2019 aka zaɓi Rivera zuwa zauren gwarzayen besbol da ke Cooperstown da ƙuri'u 425 cikin 425, karon farko da aka samu haka. Shekara ɗaya bayan nan Jeter ya bi shi, ƙuri'a ɗaya tak ya rasa.