Sharhi: Manzon Sauyin Yanayi Ba Aikin Wucin Gadi Ba Ne

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk shekara in kaka ta yi, manoman fadamar Argungu da Suru da Bagudo na lissafin abin da ruwa ya bar musu, a Abuja kuma lissafin da ake yi daban ne: su wa za su shiga jirgi zuwa babban taron duniya kan sauyin yanayi. A taron Dubai na 2023, mutum 1,411 aka yi wa rajista da sunan Najeriya. Da surutu ya yi yawa, gwamnati ta fito ta ce ita 422 kaɗai ta ɗauki nauyinsu. Kaɗai fa! To, mu bar yawan nan gefe. Tambayata ita ce, a cikin wannan gayya, wane ne mutum ɗaya da aikinsa kenan dare da rana, wanda ya san abin da aka yi mana alkawari bara, ya san wanda ya saɓa, kuma zai koma badi ya tsare shi da ido?

Wannan mutumin shi ake kira manzo na musamman kan sauyin yanayi, kuma ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun daɗe da gane amfaninsa. A Janairun 2009 gwamnatin Obama ta naɗa Todd Stern a wannan kujera a Amurka, ya riƙe ta shekara bakwai, har 2016. Ita kuwa Sin, Xie Zhenhua ne ya ja ragamar tawagarta tun 2007, in ban da ɗan hutun da ya yi a tsakani, bai ajiye ba sai bayan taron Dubai. Mutanen nan biyu sun sha kaye tare a Kopenhagen a 2009, inda taro ya watse baram-baram. Ba a sallame su ba. Suka ci gaba da zama, suna faɗa suna shiri, har a Nuwamban 2014 shugabannin ƙasashensu suka tsaya a Beijin suka yi sanarwar haɗin gwiwa kan rage hayaƙi. Wannan sanarwa ce ta share hanyar yarjejeniyar Faris ta 2015. Da Biden ya hau a 2021 sai ya ƙara wa kujerar nauyi, ya ɗora John Kerry, tsohon sakataren harkokin waje, ya ba shi wurin zama a majalisar tsaron ƙasa. Kerry ɗin nan har Abuja ya zo a Satumban 2022.

Yanzu ku dubi namu. A watan Mayun 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa Ajuri Ngelale manzo na musamman kan harkar yanayi. Madalla. Sai dai a lokacin shi ne kakakin shugaban ƙasa, aikin da ko barci ba ya bari a yi. Taura biyu ba ta taunuwa, kowa ya san haka, amma aka haɗa masa. A Satumban shekarar ya tafi hutun da babu ranar dawowa saboda larurar iyali, kuma ba mai ganin laifinsa a kan wannan. Wata huɗu bai cika ba. Ita kanta majalisar kula da sauyin yanayi, wadda dokar da Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta kafa, shugabanni uku ta gani a cikin kusan shekara uku. Stern ya yi shekara bakwai, Xie ya haura goma, namu wata huɗu. Don Allah, da me za mu yi ciniki da su?

Ai duk wanda ya taɓa kai sa kara ya san darajar tsohon dillali. Ya san mai biya da mai ja, ya san wanda in ya ce albarka da gaske yake da wanda zai juyo in ka yi kamar za ka tafi. Ka canza dillali duk ranar kasuwa, ka ga yadda za a saye dabbarka a wulaƙance.

Na san abin da wasu ke cewa a majalisa da tashar mota: wai wannan zancen Turawa ne, mu ’yan bindiga suka dame mu, kuma ita Amurkar ma ai Trump ya fitar da ita daga yarjejeniyar Faris, ya sake sa hannun ficewa ranar da ya dawo mulki a Janairun 2025. To, sai me? Amurka in ta tashi daga teburin, tana da dukiyar da za ta gyara garuruwanta in guguwa ta rushe su. Manomin Augie da me zai gyara? A daminar 2020 ruwa ya shanye gonakin shinkafar Kebbi ana gab da girbi, a jihar da a cikinta aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015. Mutane suka wayi gari ga bashi, ga babu shinkafa. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Wanda ya kira wannan zancen Turawa, ya je ya faɗa a Yauri mu ji amsar da za a ba shi.

Kuma ku lura da abin da ya faru a wannan shekara ta 2022. Pakistan ma ta yi mummunar ambaliya. Ita ce ke shugabantar rukunin ƙasashe masu tasowa na G77 a lokacin, ta ɗauki bala'in da ya same ta ta kai teburin Sharm el-Sheikh na Masar, aka dage har aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna. Kun san tun yaushe ake neman irin wannan asusu? Tun 1991 ƙananan ƙasashen tsibirai, da Vanuatu a gaba, suka kawo maganar. Shekara 31 ana bin abu ɗaya! Wannan ba aikin mai leƙowa ya wuce ba ne. Da aka buɗe asusun a Dubai, alkawarin da aka tara bai wuce dala miliyan 700 da ’yan kai ba, kuɗin da duniya guda za ta yi layi a kansa. Wanda zai samu shi ne wanda ya riga ya shirya takardunsa, ya auna asararsa, ya san ƙofar da ake bi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban ce manzo zai sa kuɗi su zubo ba. Ina da shakka a kan alkawuran nan, shakka mai dalili. A 2009 ƙasashe masu arziki suka ce za su riƙa ba da dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, shi ma a lissafinsu, kuma kaso mai yawa bashi ne. A Baku a 2024 suka ce biliyan 300 zuwa 2035, wakiliyar Najeriya, shugabar majalisar kula da sauyin yanayi a lokacin, ta tashi a zauren ta ce wannan wasa ne. Ta faɗi gaskiya. Amma bayan ’yan watanni an ba wata kujerarta. Wa zai koma ya tuna musu?

Mu a Kebbi ma, rabin aikin manzon nan ba a Turai yake ba. Ruwan da ke cika Neja ya shigo mana ta Bagudo daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai. Hedikwatar hukumar kula da kogin, mai ƙasashe tara, a Yamai take. Nijar na gina madatsar ruwa ta Kandaji a sama da mu. Yawan ruwan da za a riƙe da wanda za a saki, da sanarwar da za a ba mu kafin ya iso, duk magana ce ta zama da maƙwabta, a lokacin da dangantakarmu da Yamai ta yi tsami tun juyin mulkin 2023. Ga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na yaƙi da kwararowar hamada da Kebbi da Zamfara ke cikin jihohinsa goma sha ɗaya, ga dala miliyan 700 na Bankin Duniya a shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a yankunan da fari ke damu. Duk waɗannan na bukatar mutum ɗaya da zai zauna a kansu shekara da shekaru, ba shi da wani aiki sai su.

Ministan kasafi da tsare-tsare, Atiku Bagudu, shi ne gwamnan Kebbi lokacin ambaliyar 2020, ya ga gonakin da idonsa. Muna da sanatoci uku a Abuja, Zamfara na da uku. In an zo kare kasafin kuɗi a majalisa, ɗayansu ya miƙe ya tambaya: wa ke riƙe da wannan aiki, shekara nawa aka ɗebar masa, kuma nawa ya shigo Kebbi da Zamfara daga taron bara?