Kafin a Rufe Silin: Yadda Ake Duba Ƙarfen Tsohon Ginin Makaranta

Ku dubi wannan ajin. An kwashe kujeru, an ɓalle silin, an sassaƙe filastar da ke jikin ginshiƙi. Wancan baƙin abin da kuke hangowa a sama, kwance daga bango zuwa bango, shi ne bim ɗin ƙarfen da ke ɗauke da bene. Mai yiwuwa rabon da idon mutum ya sauka a kansa tun ranar da magina suka rufe shi, shekara 50 ko 60 da suka wuce.

Kuma ba zai daɗe a buɗe ba. Makarantar tsakiyar birni ba ta da filin da za ta kwashe yara ta kai, shi ya sa ake yawan barin irin wannan gyara sai dogon hutu. Ɗan kwangila na ƙirga kwanaki, hukumar makaranta ma haka. A wannan ɗan tsakanin ne mai duba ƙarfe zai shigo da tocila, da guduma, da buroshin waya.

Tambayarsa ta farko: wane irin ƙarfe ne wannan? A sabon gini amsar tana cikin fayil, domin kowane ƙarfe da takardar masana'antarsa yake zuwa. Tsohon gini kuwa gado ne. Zanen ya ɓace, ko kuma yana nan amma abin da aka gina daban. Dole a bi bim-bim ana awo. Daga nan injiniya ya nuna inda nauyi bai taru ba, a yanko ɗan guntu a kai ɗakin gwaje-gwaje, a ja shi da inji har ya tsinke, a kuma binciki sinadaransa. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ƙarfen A7 da aka daɗe ana gini da shi a Amurka kafin 1960 yana fara miƙewa idan jan da ake masa ya kai wajen megafaskal 228 (ma'aunin ƙarfin ja ko danni ke nan), alhali A992 na yanzu sai ya kai 345. Wanda ya yi wa tsohon lissafin sabo ya jibga masa ƙarfin da ba shi da shi. Gwajin sinadaran kuma shi ke faɗa ko ƙarfen zai karɓi walda ko zai tsage.

Sai tsatsa. A nan ake ɓata lokaci, kuma ya cancanta.

Mai duba ƙarfe ruwa yake bi. Ina rufin ya taɓa yoyo? Ina indararo ya toshe? Wane bim ne ke ƙarƙashin banɗaki? Gindin ginshiƙin da ake wanke daɓe kullum ruwa na kwanciya a kansa fa? Wuri mafi mugunta shi ne ƙarshen bim, inda ya nutse cikin bango. Daga cikin aji sai ka gan shi sumul da fentinsa, amma ɓangaren da ke cikin bulo ya shekara yana shan damshi, kuma a daidai nan ne nauyin yake sauka. Tsatsa tana cin wuri ninki da yawa fiye da ƙarfen da ta cinye, sai ta kumbura ta turo bulo waje. Idan kun ga tsaga ta miƙe a saman taga kamar an ja layi, sau da yawa ƙarfen ciki ne ke magana.

Wannan kumburin yana ruɗar ido ta fuska biyu. Wani bim ɗin sai ya tsorata ka, a kankare shi a tarar kaɗan ya rasa. Wani kuma fenti ya rufa masa asiri. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima, don haka ake awo. Ga na'urar. Ana goge wurin, a shafa ɗan mai mai yauƙi, a ɗora kanta. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya ratsa ƙarfen da gudun kusan mita 5,900 a daƙiƙa, ya bugi bayansa ya dawo. Daga lokacin da ya ɗauka ake sanin kauri. A ce asalinsa milimita 12 ne, yau ya nuna 8: kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Injiniya ne zai yanke ko a ƙara masa faranti, ko a tokare a canja shi.

Yanzu mu hau tsani mu duba mahaɗa. A ganina nan ne zuciyar aikin, domin bim kan lanƙwasa ya yi gargaɗi, mahaɗa kuwa takan ɓalle ba sallama. A ranar 17 ga Yulin 1981, gadojin tafiya biyu da aka rataye cikin otal ɗin Hyatt Regency a birnin Kansas na Amurka suka rufto, mutum 114 suka rasu. An sauya yadda sandunan rataya suke haɗuwa da bim, sauyin ya ninka nauyin da ke kan mahaɗa ɗaya.

A tsofaffin gine-gine za ku ga kawunan ƙusoshi masu kama da rabin ƙwallo. Gasa su aka yi a wuta, aka zura, aka dame ɗaya kan. Guduma ake ɗan buga musu: mai lafiya tana ƙara tas, wadda ta saki kuwa sai ka ji ta dushe, ko ta motsa ƙarƙashin yatsa. Sababbin notuna ana musu alama da alli kafin ɗauri na ƙarshe, don a ga iya juyin da sifana ta yi.

Walda ta fi wuyar sha'ani. Wata kyan ɗan maciji ce, waje sumul, ciki rami. Don kama tsagar da ke fuska, sai a fesa jan ruwa, a bari ya tsotsu, a goge, a fesa farar hoda. Jan layi zai fito inda tsagar take. Ko a kafa maganaɗisu a barbaɗa garin ƙarfe, ya taru a bakin tsagar. Abin da ke can ciki kuma sai sauti ya sake shiga. Girgizar ƙasar da aka yi a unguwar Northridge ta birnin Los Angeles na Amurka a 1994 ta bar tsage-tsage a waldar gine-gine da yawa da suke tsaye ƙyam, ba a gani ba sai da aka buɗe.

Lafiyayyen ƙarfe ma yana iya gazawa idan an sauya masa aiki. Ƙa'idar gini ta Amurka tana lissafa wa aji kusan kilo 200 a kowace murabba'in mita, ɗakin jera kantocin littattafai kuwa sama da 700. Mai da aji laburare ba sauya allon ƙofa ba ne kawai. Haka tankin ruwa, da farantan sola, da manyan na'urorin sanyaya ɗaki da ake ɗora wa rufi. Ga kuma masu jan waya da bututu, da kan huda bim don hanya ta miƙe musu. Kowane rami sai an rubuta shi.

Wannan abu mai laushi da aka fesa a jikin ƙarfen kariyar gobara ce, domin ƙarfe na rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya doshi digiri 600 a ma'aunin Celsius. Kada a taɓa shi kafin a gwada: na dā yakan ƙunshi asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda Amurka ta hana fesawa a 1973, tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma, ga shi yara ne za su dawo su shaƙi iskar ɗakin. Duk inda aka kankare don awo, sai an mayar.

Kowane wuri da aka samu matsala ana ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a gyara, mai dubawa ya dawo ya sake gani da idonsa. Sai injiniya ya sa hannu, sannan a ce wa masu silin su hau.