Yadda Lamar Jackson Ya Yi Cinikin Kwantiraginsa da Kansa

Masu kallo barkanmu da wannan lokaci. A ranar 27 ga watan Afrilun 2023, ƙungiyar Baltimore Ravens da ke buga gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL ta cimma yarjejeniya da Lamar Jackson a kan dala miliyan 260 na tsawon shekara biyar, wato dala miliyan 52 a kowace shekara, abin da ya sa ya zama ɗan wasan da ya fi kowa albashi a tarihin gasar zuwa wancan lokaci. Sai dai wannan adadi da jaridu suka yi ta yayatawa ba shi ne ya janyo taƙaddamar da aka shafe fiye da shekara ana yi ba. Abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa shi ne nawa ne daga cikin kuɗin ya zama wajibi a biya shi, ko da ya ji rauni, ko kuma ƙungiyar ta sallame shi.

Jackson kwatabak ne, wato ɗan wasan da ƙwallo ke bi ta hannunsa a kusan duk wani hari, shi ke jefa ta ko ya miƙa wa wani ko ya ruga da ita da kansa. Ravens ta ɗauko shi daga jami'ar Louisville a 2018, kuma a kakar 2019 ya zama gwarzon ɗan wasan gasar ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta kuɓuce masa ba.

A gasar NFL, ba kamar yadda aka saba a ƙwallon kwando na NBA ba, yawancin kwantiragi ba su da cikakken garanti. Ana iya rubuta wa ɗan wasa shekara biyar, a sallame shi bayan uku, kuɗin sauran shekarun kuma su bi ruwa. Akwai wata ƙa'ida da ke ƙara wa masu ƙungiyoyi ƙyamar ba da garanti, domin tana tilasta musu su ajiye mafi yawan kuɗin da suka lamunce a wani asusun amana tun da wuri, ko da sai bayan shekaru ne za a biya. Ke nan duk attajirin da ya yi alƙawarin dala miliyan 200, sai ya nemo tsabar kuɗin ya jingine su.

A watan Maris na 2022 ne Cleveland Browns ta karya wannan al'ada, inda ta ba wani kwatabak, Deshaun Watson, dala miliyan 230 na shekara biyar, kuma ta lamunce masa kuɗin gaba ɗaya. Watson bai taɓa zama gwarzon gasar ba, Jackson kuwa ya zama, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya ɗauki wannan kwantiragi a matsayin ma'aunin da za a fara magana daga kansa. Mai ƙungiyar Ravens, Steve Bisciotti, ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa da abin da Browns ta yi. Jackson ya buga kakar 2022 a kan shekarar ƙarshe ta tsohon kwantiraginsa, kimanin dala miliyan 23, sannan ya ji rauni a gwiwa a watan Disamba, bai sake buga wasa ba har kakar ta ƙare. Wannan rauni ya zama hujja ga ɓangarorin biyu, domin ƙungiyar na ganin haɗari ne ta lamunce kuɗi mai yawa ga mai yawan gudu da ƙwallo, shi kuwa yana ganin wannan haɗarin ne ainihin dalilin da ya sa yake neman garantin. A ganina hujjarsa ta fi ƙarfi, tunda jikinsa ne ke shan karo a fili.

Wani abin lura shi ne Jackson ba shi da wakili. Shi ya zauna da babban manajan ƙungiyar, Eric DeCosta, tare da shawarar mahaifiyarsa. Hakan ya hutar da shi biyan ladan wakili, wanda doka ta ƙayyade kada ya wuce kashi 3 cikin 100, amma kuma ya sa duk wata magana mai ɗaci da ake faɗa a wajen ciniki, shi yake jin ta da kunnensa.

A watan Maris na 2023 Ravens ta yi amfani da damar da dokar gasar ta ba kowace ƙungiya ta riƙe ɗan wasa guda da kwantiraginsa ya ƙare na ƙarin shekara ɗaya, kuma ta zaɓi nau'in da ya fi araha, na dala miliyan 32.4. A ƙarƙashin wannan tsari, Jackson na da 'yancin tattaunawa da wasu ƙungiyoyi, amma idan wata ta yi masa tayi, Ravens na iya biyan daidai da tayin ta riƙe shi, ko ta sake shi ta karɓi gurabe biyu na zagayen farko a zaɓen sabbin 'yan wasa da gasar ke yi duk shekara. Abin da ya biyo baya ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Cikin 'yan sa'o'i rahotanni suka nuna cewa ƙungiyoyi masu tsananin buƙatar kwatabak, irin su Atlanta Falcons da Carolina Panthers, ba za su neme shi ba. Matashi mai shekara 26 da ya taɓa zama gwarzon gasar bai samu tayi ko ɗaya ba. Shi da kansa ya bayyana cewa ya nemi ƙungiyar ta sallama shi ga wata.

Abin da ya warware ƙullin ya zo ne daga Philadelphia Eagles, wadda ta ba kwatabak ɗinta Jalen Hurts dala miliyan 255 a tsakiyar Afrilu, ba tare da cikakken garanti ba. Kwana goma bayan haka Jackson ya amince da dala miliyan 260, da garantin dala miliyan 185, tare da sharaɗin cewa ba za a sauya masa ƙungiya ba sai da yardarsa.

Me ya sa Ravens ta iya ɗaukar wannan nauyi, alhali akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe wa 'yan wasanta, wadda a 2023 ta tsaya a dala miliyan 224.8? Amsar tana cikin kuɗin sa hannu. An ba Jackson dala miliyan 72.5 na sa hannu, amma a lissafin iyakar albashi ana rarraba wannan kuɗi a kan shekara biyar, miliyan 14.5 a kowace shekara. Saboda haka, ko da yake dala miliyan 80 ce ta shiga hannunsa a 2023, abin da aka lissafa wa ƙungiyar bai wuce kimanin miliyan 22 ba, ƙasa da abin da riƙe shi na shekara ɗaya zai ci. Nauyin ya koma shekarun gaba, lokacin da ake sa ran iyakar za ta ɗaga saboda kuɗin talabijin, kuma ta ɗaga, domin ta kai dala miliyan 255.4 a 2024, sannan miliyan 279.2 a 2025.

Jackson ya sake zama gwarzon gasar a kakar 2023. Matsayinsa na wanda ya fi kowa albashi kuwa bai yi wata uku cikakku ba, domin Justin Herbert ya wuce shi a watan Yuli, Joe Burrow ya kai miliyan 55 a shekara a watan Satumba, sannan Dak Prescott ya kai miliyan 60 a 2024. Game da batun garanti, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan ta shigar da ƙorafi tun a 2022 cewa masu ƙungiyoyi sun haɗa baki. A watan Janairun 2025 mai sasanci ya yanke hukuncin cewa ba a tabbatar da haɗin bakin ba, amma ya gano cewa hukumar gasar ta ƙarfafa wa masu ƙungiyoyi gwiwa su rage garanti bayan kwantiragin Watson.