Jar katanga a tsakiyar gonakin Faransa

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da na Sabon Gari. In kun ga hoton yana rawa ku yi haƙuri, hannuna ne. Sanyi ake yi, amma wallahi ba sanyin kaɗai ba ne.

Ku dubi bayana da kyau. Da motarmu ta karyo kwana na hango wannan jar katangar da tulluwanta, sai da gabana ya faɗi, na ce wa abokina tsaya, wa ya ɗauko ginin gida ya kawo nan? Kai ka ce wani lungu ne kusa da fadar Sarkin Damagaram. Nan Shasle ne, ƙauye a arewacin birnin Liyon. A Liyon ɗin nake aiki shekara shida ke nan ban taɓa sanin da wurin ba. Yau 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na farko a 1918, babu aiki ko'ina, shi ya sa muka haɗa yuro 20 na mai, wajen jikka 13 ke nan, muka zo.

Maƙabarta ce. A watan Yuni na 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus suka kama sojojin Afirka na rundunar Faransa da ke tare musu hanyar Liyon, suka ware su daga Turawan da ke cikinsu, suka kai su fili suka buɗe musu wuta. Sun riga sun ajiye bindiga fa. Laifinsu baƙar fata. A 1942 aka buɗe wurin nan, aka gina shi irin na ƙasarsu. Turawa suna ce musu sojojin Senegal, amma sunan ne kawai, an kwaso su daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka a yammacin Afirka. Na bi duwatsun kaburburan ɗaya bayan ɗaya ina karantawa. Wasu da suna, wasu an rubuta ba a san ko wane ne ba. Wata tsohuwar Baturiya da sanda ta ajiye furanni a kan wanda ba shi da suna, ta gyara su da yatsa, ta tafi. Ni kuwa na ɗaga hannu na yi musu addu'a, don ita na iya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani tsoho na unguwarmu. Kullum da hantsi yana zaune a kan tabarma a ƙofar zaure, da tsohon kwat na soja ko ana zafin bazara, lambobi uku a ƙirji, jar dara a kai. In ya fara labarin jirgin ruwa da ƙanƙara, sai manya su ce tsufa ne. Ashe gaskiya yake faɗa. Wannan ƙanƙarar ita nake sha yanzu da riga uku da safar hannu, su kuwa cikin rami suka kwana a cikinta.

Sannan a zo maganar haƙƙi, nan ne raina yake ɓaci. Waɗanda suka koma suka nemi kuɗinsu a barikin Tiyaroy kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944 harsashi aka ba su. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda cewa kisan kiyashi ne. Fanshon sauran kuma aka daskarar da shi tun 1959, Bature da ɗan Afirka sun shiga rami ɗaya, amma kuɗinsu sama da ƙasa. Kafin a daidaita gaba ɗaya a 2011, galibinsu ƙasa ta rufe musu ido. Tsohonmu bai gani ba.

Kada ku ce labarin jiya ne kawai. Sojojinmu 71 suka kwanta dama a Inates a Disamba 2019, wata guda bayan haka 89 a Shinagodar. Sun bar mata da marayu, wataƙila wasu a layinku. Mu dai wajen zumunci ba a fi mu ba, nan maƙwabci sai ya mutu kwana uku ba a sani ba. Amma wajen rubuta suna a dutse da share kabari, sun sha gabanmu.

Kai da za ka zo ƙasar nan, kada ka ƙare da hoton hasumiyar Paris ka ce ka ga Faransa. Ka zo nan, kuma ka sa takalmi mai kauri, ƙafata ta daina jin komai. Kai kuma da ke gida, in kakanka ya yi soja, ka buɗe akwatin ƙarfen nan yau, ka ɗauki hoton littafinsa na soja da waya kafin gara ta gama da shi. In mai labarin yana da rai, ka zauna ka naɗi muryarsa.

Bari in shiga mota in kira Inna, ta aika gidan tsohon nan a tambayo mini ko lambobinsa suna nan.