Yadda ake cusa wa yaren sikirif tsarin objek

Jama'a barkanmu da warhaka. Yawancin yarukan sikirif, wato yarukan rubuta wa kwamfuta umarni irin su Perl, Tcl, PHP da Lua, ba da aji ko objek aka haife su ba, an yi su ne don ƙananan ayyuka, ka rubuta layi ashirin ka gama ka rufe kwamfuta. To amma mutane sai suka ji daɗinsu, suka fara gina manyan manhajoji da su, daga nan kuma korafi ya taso cewa muna son objek, muna son gado, wato wani objek ya gaji ayyukan wani kamar yadda ɗa ke gadon uba.

A ce kana rubuta wasa kuma kana da dodo guda ɗaya, yana da suna, yana da yawan jini, yana da inda yake tsaye, wannan ba matsala. Amma da dodannin sun kai 200, wasu na tashi sama wasu na rarrafe, kowanne da irin harinsa, sai ka ga kod ɗin ya cakuɗe ka rasa wane fankshin, wato guntun kod mai yin aiki ɗaya, ne yake taɓa bayanan wa. Objek shi ne ka ɗaure bayanan da ayyukansu a ƙulli ɗaya, aji (class) kuma shi ne tsarin da ake ƙera objek iri ɗaya da shi. Tunanin ma ba sabo ba ne, tun 1967 Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka kawo shi a yaren Simula a ƙasar Norwe.

Abin da nake so ku riƙe shi ne yaren ba ya buƙatar kaya da yawa kafin ya iya wannan, abu biyu ne kacal. Fankshin ya san wane objek ne ya kira shi, sannan idan aka nemi wani abu a jikin objek ba a samu ba, a san wurin da za a je a ƙara nema.

Lua ce ta fi nuna wannan a fili, yaren da aka yi a 1993 a jami'ar PUC-Rio ta Burazil. Har yau babu kalmar class a cikinta, tebur kawai take da shi, wato ma'ajin da ake ajiye bayanai kowanne da sunansa. Idan ka rubuta dodo:hari() da ɗigo biyu, Lua tana juya shi ya koma dodo.hari(dodo), wato ta miƙa dodon da kansa a matsayin self, shikenan an gama da na farko. Na biyun kuma sai ka liƙa wa teburin wani tebur da ake kira metatable, a cikinsa ka sa __index ya nuna teburin uban. Yanzu idan aka nemi hari a jikin ƙaramin dodo babu, Lua ba za ta ce babu ba, za ta bi __index ta tambayi uban, idan shi ma babu ta wuce wajen kakan, haka har sai an samu ko sarkar ta ƙare. Wannan fa shi ne gadon gaba ɗaya. Kuma don Allah ku kula da ɗigon nan, idan ka sa ɗaya maimakon biyu self zai zo fanko, wannan kuskuren yana cinye wa masu koyo lokaci sosai.

Larry Wall, wanda ya ƙirƙiro Perl, shi ma kusan haka ya yi a Perl 5 a 1994, ka ɗauki hash na yau da kullum, wato irin teburin Perl, ka kira fankshin bless a kansa, sai ya zama ɗan wani package, wanda shi ne matsayin aji a Perl, jerin iyaye kuma yana cikin @ISA.

Ni ina son wannan hanyar ƙwarai, domin tana barin yaren ƙarami kuma kana ganin komai da idonka. Amma tana da tsadarta. Tunda yaren bai ce ga yadda ake yin aji ba, kowa sai ya ƙera nasa, ka ɗauko laburare biyu, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, ka ga objek ɗin wannan bai dace da na wancan ba. Tcl ta sha wannan, akwai incr Tcl tun 1993, ga XOTcl, ga Snit, kowanne da nasa tsarin ajin, sai a 2012 da Tcl 8.6 aka sa TclOO a cikin yaren kansa. Masu Perl suka koma kan wani laburaren objek mai suna Moose, sai a 2023 Perl 5.38 ta kawo class nata, shi ma a matsayin gwaji. JavaScript ta ƙara class a 2015, amma idan ka leƙa ƙasa tsohuwar sarkar prototype ce, wato irin sarkar tambayar uba da kaka da muka gani a Lua, riga kawai aka sa mata don sauƙin rubutu.

Inda abin ya fi zafi shi ne PHP, kuma duk mai niyyar gina yarensa ya tsaya nan da kyau. A PHP 4 idan ka ce b daidai yake da a, kuma a objek ne, kwafi ake yi maka, sai ka canza jinin dodo a b ka koma a ka tarar bai motsa ba, haka ma idan ka tura objek cikin fankshin, kwafin ne ya shiga, dole mutane suka dinga yayyafa alamar & ko'ina don su tsira. Da PHP 5 ta fito a 2004 aka juya abin, a da b suka zama hannu biyu riƙe da objek ɗaya, mai son kwafi sai ya rubuta clone. Gyaran daidai ne, amma tsohon kod da ya dogara da kwafin nan ba ya faɗuwa balle ka ga saƙon kuskure, yana ci gaba da gudu ne yana ba da amsa daban, har sai da suka sa wani saiti na musamman mai kwaikwayon tsohon halin, wanda aka cire a PHP 5.3.